An Koya Musu Sayarwa, Ba A Koya Musu Saye Ba

Naira 20,000 asusun ba ɗalibai rance na tarayya, NELFUND, yake tura wa duk ɗalibin da ya nemi kuɗin ɗawainiya a wata. In aka raba su gida talatin, kowace rana ta tashi da naira 666 da 'yan kwabbai. Ɗalibin da yake kwana a Nasarawa, kudu da kogin Kaduna, yana karatu a babbar harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, Kadpoly, da ke Tudun Wada, a cikin wannan kuɗin zai hau bas ko Keke Napep ya tsallake gada ya dawo, ya jefa wani abu a cikinsa, ya sa data, ya buga takardun darasi, ya sayi sabulu. Ko yaron firamare ya san ba za su kai ba. Abin dubawa shi ne yadda yake yi a ranar da suka ƙare, wata bai ko raba ba, ga kuma waya a hannunsa cike da masu yi masa tayin bashi cikin minti biyar.

Tun da aka buɗe shafin neman wannan rance a ranar 24 ga Mayun 2024, ɗalibai da yawa suka sa hannu a yarjejeniyar bashi ta farko a rayuwarsu. Bashin ba shi da ruwa, kuma sai shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa za a fara biya, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Sharuɗɗa ne masu sauƙi. Amma ka tsaya cikin ɗalibai ka saurari yadda suke maganarsa: "Alat ya shigo?" "Sun biya na watan nan?" Kamar albashi, ko rabon gwamnati. Kalmar bashi ba ta cika fitowa ba. Babu laifinsu a nan, domin yaro zai iya shiga babbar makaranta a Najeriya ya fito da difloma ko digiri, ya ci jarrabawar lissafi, ya ci ta Turanci, ya ci ta sana'a, ba tare da wani malami ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake karanta takardar bashi, ko yadda ake raba kuɗin wata, ko inda ake kai ƙara in an cuce shi a saye.

Unguwar da ta san ranar da albashi ya tsaya

Nasarawa, wadda take ƙaramar hukumar Chikun, ta girma ne a inuwar masaƙun Kakuri. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa tare da wani kamfanin Ingila, David Whitehead, suka buɗe masaƙar Kaduna, KTL. Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, sannan kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Mutane suka taho daga Binuwai, Filato, kudancin Kaduna, Kano, Katsina da ƙasar Yarbawa da ta Ibo, suka kama hayar ɗaki a Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya. Har yau hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa tana kan babban titin Nasarawa, gidan da Adams Oshiomhole, tsohon ma'aikacin Arewa Textiles, ya yi shekaru yana babban sakatare kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa.

Rayuwar waɗannan gidaje an gina ta ne a kan ƙarshen wata. Mai shago yana rubuta bashi a littafi don ya san ranar biya. Mai gida yana jira. Uwar adashi tana da tabbacin zubi. Sai KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, UNTL ma ta rufe a 2007 kafin a sake buɗe ta daga baya. Dubban ma'aikata suka koma gida, da yawansu ba tare da haƙƙoƙinsu na sallama ba, wasu har suka mutu suna jira. 'Ya'yan da aka haifa a waɗannan shekarun su ne yau suke Kadpoly, da Jami'ar Jihar Kaduna, da kwalejin ilimi ta Gidan Waya, da Zariya. Sun taso a gidajen da uwa ce ta riƙe su da tuyar ƙosai ko awara ko sayar da gwanjo, uba kuma yana buga-buga. Wato dai yaran sun ga tattali da idonsu, irin na dole. Abin da ba su gada ba shi ne sanin kasuwar da ta koma cikin waya, wadda iyayen nasu ma baƙi ne a cikinta.

Darasin yana nan, an kulle shi a ɗaki ɗaya

Abin mamaki, ilimin da ake magana a kansa ba baƙo ba ne a manyan makarantunmu. Yana cikin sashen tattalin gida. Duk wadda ta yi NCE a wannan fanni, a Gidan Waya ko a kwalejin ilimi ta tarayya da ke Zariya, wadda yanzu aka ɗaga ta zuwa jami'ar ilimi, ta zauna a ajin ilimin mai saye da na tafiyar da gida: kasafin kuɗin iyali, rabon lokaci da ƙarfi, karanta rubutun jikin kaya, dabarun masu talla, saye da bashi da saye kuɗi hannu, haƙƙin mai saye da nauyin da ke kansa. Jami'ar Ahmadu Bello tana ba da digiri a kai.

Akwai ma wani sashe na karatun da ya fi kowanne burge ni. Ana kwashe ɗalibai rukuni-rukuni a zaunar da su a wani gidan gwaji na ɗan lokaci, a danƙa musu kuɗi ƙayyadadde, a ce su riƙe gidan. Yau wannan ce uwargida mai riƙe da jaka, waccan mai cefane, waccan mai girki, waccan mai shara da wanki, bayan kwanaki a juya. Duk abin da aka saya sai an rubuta, har gishiri da ashana. In mai cefane ta ga kifi ya yi mata kyau a rana ta biyu ta wuce iyaka, duk gidan ne za su sha miyar kuka babu nama a ƙarshen mako, kuma malama za ta zo ta buɗe littafi ta tambayi dalili. Wannan tsari daga Amurka aka kwaso shi, inda fannin ya samo asali a tarukan da wata masaniyar sinadarai, Ellen Richards, ta jagoranta a Lake Placid daga 1899. Su can har jarirai marayu suka riƙa aro suna kai wa ɗalibai su gwada raino, abin da alhamdulillahi ba mu kwaso ba. A 1994 Amurkawan suka canja wa fannin suna zuwa kimiyyar iyali da mai saye, don mutane su daina ganin girki da ɗinki ne kawai.

Mu har yanzu muna nan a wancan kallon. Ka ce wa saurayi ya shiga ajin tattalin gida, abokansa za su sa shi a gaba da tsiya har ya gama makaranta. Sakamakon haka, ɗalibai ƙalilan, kusan dukkansu mata, su ne suke samun darasin da kowa yake bukata. Mai karatun injiniya da zai karɓi albashi ya riƙe gida, da mai karatun gine-gine a harabar Barnawa, da mai aikin jarida, duk suna wucewa ta gefen ƙofar.

Kuma ba wai ba a iya tilasta darasi ba ne in an ga dama. Tun zangon karatu na 2007 zuwa 2008 gwamnatin tarayya ta wajabta darasin dogaro da kai da kasuwanci a duk manyan makarantu. Babu mai fita sai ya yi. Ana koya wa ɗalibi haɗa sabulun ruwa, rubuta tsarin kasuwanci, fitar da riba, jawo hankalin mai saye. Madalla. Sai dai a cikin aji guda, ba kowa ne zai buɗe shago ba, amma babu ko ɗaya da ba zai yi saye ba, tun daga yau har ranar da za a saya masa likkafani. An zaɓi a horar da ɓangare guda na ciniki an bar ɗayan.

Mudu ba ɗaya ba ne

In da ni ne malamin, ba a aji zan fara ba. Ranar Litinin zan kwashi ɗaliban mu tafi kasuwar Kakuri, kowa da naira dubu biyar ɗinsa a rubuce a takarda, da ƙaramin sikeli guda a jakata.

Ka tsaya gaban mai awo ka kalli hannunsa, kada ka kalli bakinsa. Akwai mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, akwai wanda aka rage wa baki. Akwai awon da ake tarawa har ya yi tozo a kuma tare da hannu, akwai wanda ake shafewa. Akwai mai saurin juyewa cikin leda tun kafin tozon ya zauna. Mudu biyu na shinkafa daga rumfuna biyu da ke maƙwabtaka, kuɗi ɗaya, in ka ɗora a sikeli sai ka ga ba su yi daidai ba. Tsohuwar da ta shekara talatin tana cefane ta san wannan ba tare da sikeli ba. Tana cusa hannu har ƙasan buhu ta ga ko na sama ne kawai mai kyau. Tana shinshina wake ta ji ko an zuba masa maganin ƙwari. Tana murza garin masara a tafin hannu, tana ɗaga kwalbar manja ta duba a rana. In mai kaya ya ce "albarka", ta san ko albarkar gaske ce ko ta a ƙara taya, ta juya kamar za ta tafi, ya ce "Hajiya, dawo mana, kawo kuɗin," sannan ta nemi gyara. Wannan ilimi ne cikakke, kuma shi ne ba ya wucewa zuwa ga jikokinta, musamman maza, waɗanda suke ganin taya kaya zubar da aji ne.

Shinshinar waken nan ba tsegumi ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa, irin wanda ake sayarwa a ƙananan kwalabe a kowane lungu. Waken da Turawa suka ƙi, shi ɗalibi yake yin garau-garau da shi don shi ne mai araha da riƙe ciki. Haka mangwaro da ayabar da ake nunarwa da sinadarin masu walda, wanda hukumar NAFDAC take ta gargaɗi a kai, da burodin da ake kumbura shi da sinadarin da aka haramta tun zamanin da Dora Akunyili take shugabantar hukumar. Kuma mutanen jihar nan ba su manta 2008 ba, lokacin da wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, da aka haɗa da gurɓataccen sinadari, ya lalata ƙodar yara. Asibitin koyarwa na Zariya yana cikin wuraren da aka fara ganin abin, kuma yara 84 hukumomi suka ce sun rasu a faɗin ƙasa. Tun 2010 aka fito da tsarin kankare jikin kwalin magani a tura lamba ta saƙon waya don a tabbatar da sahihancinsa. Ɗalibai nawa ne suke kankarewa in sun sayi maganin zazzaɓi a kemis?

Malamin da yake son kama zukatan ɗalibai a unguwa irin Nasarawa, inda masallaci da coci suke jin muryar juna, ba sai ya fara da shugaban Amurka John Kennedy ba, duk da cewa jawabinsa na 15 ga Maris 1962 kan haƙƙoƙin mai saye shi ya sa duniya take bikin wannan rana duk shekara. Musulmin ajin sun haddace surar da ta yi wa masu tauye mudu kashedi tun suna makarantar allo. Kiristocin sun san abin da littafin Karin Magana ya ce a kan ma'aunin ƙarya. Daular Sakkwato ma tana da muhtasibi mai zagaya kasuwa yana duba awo da algus. Abin da ya rage a gaya musu shi ne yau ma akwai sashen awo da ma'auni a ma'aikatar ciniki ta tarayya, mai alhakin duba sikeli da famfon mai, ko da yake mutum zai iya tsufa a Kaduna bai taɓa cin karo da jami'insa a kasuwa ba.

Kasuwar da take cikin aljihu

Cutar mudu ta ɗan gwangwani ce. Wadda take cinye ɗalibi gaba ɗaya a waya take.

A ɗauki manhajojin bashi. Misali kawai: ka ci naira 10,000, a ce ka biya 12,000 bayan mako biyu. Ɗalibi zai ce dubu biyu ce, ba komai. In ya iya juya lissafin zuwa shekara, zai ga ruwan ya kai kashi 520 cikin ɗari, ba a ma haɗa da tarar jinkiri ba. Wannan lissafi na minti uku ne a kan allo, kuma ya fi wa'azin awa guda tasiri. Sannan ga abin da ya danna "na yarda" a kansa bai karanta ba, wato izinin shiga jerin lambobin wayarsa. Ranar da ya kasa biya sai saƙo ya isa wayar kawunsa, da limaminsu ko fastonsu, da mahaifiyar yarinyar da yake nema, ana kiransa ɓarawo, wani lokaci har da hotonsa da sanarwar mutuwa. A Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tare da wasu hukumomi, ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Legas, aka rufe asusunsu, aka kuma fito da tsarin rajista. A 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa leƙa lambobi da hotunan mutane. Abin ya ragu, bai ƙare ba, don waɗanda aka kora daga rumbun suna yawo ta WhatsApp.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu malamin kirki da zai tsaya gaban yaran talakawa ya ce kada su taɓa cin bashi. Za su ci. Aikinsa shi ne ya sa su iya bambance rancen NELFUND da littafin mai shago da na manhaja, su san wanne ne yake taimako wanne ne yake yanka.

Sai kuma masu ninka kuɗi. A bikin baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna a 2017 ne hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta bayyana cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18 a MMM, wadda ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskare a Disambar 2016. Ɗalibai da dama kuɗin makarantarsu ne suka zuba. Mutum zai zaci an ji jiki an daina. A Afrilun 2025 sai ga CBEX ta rushe da kuɗin wani sabon rukunin mutane, wasunsu suna firamare ko sakandare lokacin MMM. Kowace shekara makarantu suna karɓar sababbin yara da ba su san labarin jiya ba, shi ya sa gargaɗin rediyo na lokaci guda ba ya isa, sai darasin da ake maimaitawa duk zango. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu shirya irin wannan damfara, amma ɗaurin wani ba ya dawo da kuɗin rajista.

Abin da yake sa waɗannan tarkuna kama mutanenmu shi ne suna zuwa da kamannin adashi: ka zuba, na zuba, wani ya kwasa. Kuma wanda yake kawo maka su ba baƙo ba ne, ɗan ajinku ne ko ɗan cocinku ko abokin sahu a masallaci, ga alat yana nuna maka. Tambaya ɗaya ya kamata ɗalibi ya fita da ita daga aji: ribar nan daga ina take fitowa? A adashi babu riba, kuɗinka ne yake dawo maka a dunƙule, kuma ka san ƙofar gidan uwar adashi. Duk abin da ya yi maka alkawarin fiye da haka ba tare da ka ga haja ba, kuɗin na bayanka ake ba ka.

Cacar ƙwallo kuwa, wadda shagunanta suke kowane layi kuma take kowace waya, ba sai na tsawaita ba. A sa ɗalibi ya rubuta duk abin da ya zuba da duk abin da ya ci a wata ɗaya, ya kawo takardar ba tare da suna ba. Takardar za ta yi magana.

"Na bar shi da Allah"

Haka yawancinmu muke rufe maganar in an cuce mu. Haƙuri abu ne mai kyau, amma wani lokacin rashin sanin ƙofa ne muke kira haƙuri. Tun 1992 aka yi dokar kafa majalisar kare mai saye, a farkon 2019 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta haifi FCCPC, wadda ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka same su da aibi. Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit cewa ba a dawo da kaya, bai fi ƙarfin doka ba. Hukumar sadarwa, NCC, tana da lambar 622 ta kai ƙorafi kyauta in kamfanin waya ya ƙi sauraronka, da 2442 ta toshe saƙonnin talla. In banki ya cire maka kuɗi a POS bai biya ba, ka rubuta masa ƙorafi ka karɓi lambar shaida, in ya wuce mako biyu bai warware ba kana da damar kai shi gaban sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Mai fama da bil ɗin wuta na kintace yana da zauren sauraron ƙorafi na hukumar NERC.

Ba na cewa duk wanda ya buga waɗannan ƙofofi za a buɗe masa da fara'a. Sau da yawa sai an yi naci. Amma jarrabawar da zan so a yi a wannan darasi ita ce kowane ɗalibi ya nemo cuta guda ta gaske, tasa ko ta wani a gidansu, ya rubuta takardar ƙorafi, ya haɗa rasit, ya aika, ya kawo amsar da ya samu ko shaidar cewa ba a amsa ba. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ya daina jin tsoron kanta har abada, kuma gidansu sun sami mai rubuta musu.

Kasafin da bai san zumunci ba

Inda littattafan waje suke ba mu matsala shi ne ɓangaren tafiyar da rayuwa. Suna ɗauka mutum yana da albashi mai zuwa a rana sananniya, kuma kuɗinsa nasa ne shi kaɗai. Shahararren tsarin nan na raba kuɗi kashi 50 ga bukata, 30 ga sha'awa, 20 ga ajiya, ka kawo shi gaban yarinyar da take ɗinki da dare tana zuwa lakca da safe, wadda kuɗinta yake shigowa naira dubu yau, babu gobe, dubu bakwai jajibirin Sallah ko Kirsimeti. Za ta rubuta a jarrabawa ta ci, ba za ta taɓa amfani da shi ba.

Kuma a kasafin ɗan Nasarawa akwai layukan da babu su a littafin Bature. Ranar da aka ji alat ya shigo, ƙanwa tana bukatar kuɗin jarrabawa, Mama tana cewa "ɗan ara mini, in na yi ciniki zan mayar maka", kuma kowa ya san ba za a mayar ba. Ga anko na bikin ƙawa, ga gudummawar suna, ga kuɗin ƙungiyar matasan coci ko na gyaran masallaci, ga ta'aziyya a ƙauye. Malamin da ya kira waɗannan ɓarna bai san inda yake ba, domin su ne inshorar talaka: wanda bai bayar ba yau, ba zai ga kowa ba ranar da tasa ta same shi. Abin koyarwa shi ne a ware musu gurbi tun farko, a san iyakarsu, a kuma koyi yadda ake cewa "Wallahi Yaya, wannan watan ba hali" ba tare da an ɓata ba. Wannan ma fasaha ce, kuma ana iya gwada ta a aji, ɗaya ya zama mai roƙo ɗaya mai hanawa.

Haka maganar lokaci. Ɗalibin da yake zaman rumfar POS daga la'asar zuwa dare, ko yake koyon walda a kasuwar Panteka, ko yake jan Keke Napep ranar Asabar, bai bukatar a ce masa lokaci yana da daraja. Yana bukatar a zauna da shi a lissafa ko awannin da yake sayarwa sun kai darasin da zai faɗi ya sake biyan kuɗinsa. Haka maganar hayar ɗaki da la'adar dillali da karɓar rasit daga mai gida. Haka maganar aure, wadda take gaban yawancinsu cikin shekaru kaɗan, da lefe da kayan ɗaki da bashin da ma'aurata suke shiga da shi gidan da ba su ko kwana ba. Afirka ta Kudu tana koyar da ilimin mai saye a matsayin darasi mai zaman kansa a ajujuwan ƙarshe na sakandare, tana kuma da wani na dole kan tafiyar da rayuwa. Ba sai mun kwafe nasu ba, amma sun nuna abin ba na ɗakin girki kaɗai ba ne.

Iyakar abin

Kada a yaudari kai. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. A Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a ƙididdigar hukumar NBS. A 2021 gwamnatin jiha ta ɗaga kuɗin manyan makarantunta, har sai a Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage, na jami'ar jiha daga naira 150,000 zuwa 105,000, na Gidan Waya daga 75,000 zuwa 37,500. Babu kasafin da ɗalibi zai rubuta ya sauya ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ina tsoron irin darasin da zai koma ɗora wa talaka laifin talaucinsa, a ce da ya rage shan lemo da ya yi arziki. Wanda kuɗinsa ba su kai ba, ba su kai ba. Abin da darasin zai iya yi ɗan kaɗan ne amma na gaske: ya hana ƙarancin ya zama rami, ya hana dubu goma ta zama dubu hamsin a hannun manhaja, ya hana kuɗin rajista tafiya wurin mai ninkawa.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kusa, wato a mai da shi kamar sauran darussan gama-gari: ɗalibai ɗari biyar a zaure ɗaya, malami da lasifikar da ba ta aiki, a tilasta sayen littafinsa kafin a sami maki. A koyar da haƙƙin mai saye ta hanyar tilasta saye, wannan kam da an bari ya fi. Darasin yana bukatar ƙananan rukunai, da fita kasuwa, da malaman tattalin gida waɗanda aka daɗe ana rainawa alhali su ne suke da horon, a haɗa su da na sashen lissafin kuɗi da na shari'a. Ba laifi ba ne a gayyato uwar adashi ko shugaban 'yan awo su yi awa guda da ɗalibai, a kuma bar su su yi magana da Hausa ko Turancin kasuwa.

Hukumar da take tsara manhajar kwalejojin fasaha na ƙasar nan kaf, NBTE, wadda aka kafa a 1977, a Kaduna hedikwatarta take, a titin Bida. Farfesa Idris Bugaje, wanda aka naɗa shugabanta a 2021, tsohon shugaban Kadpoly ne, kuma an san shi da ƙoƙarin haɗa makarantar da masu sana'ar Panteka, wato ya riga ya yarda cewa akwai ilimi a wajen aji. Ta kwalejojin ilimi, NCCE, da ta jami'o'i, NUC, suna Abuja. Kafin su motsa, babu abin da ya hana shugaban kowace makaranta ya ware kwana biyu a makon tarbar sababbin ɗalibai, daidai lokacin da suke cike fom ɗin NELFUND, ya miƙa su ga malaman sashen tattalin gida.